Kazar Ɗori

Gwandu,
farkon damina.

Zuwa ga aminina kuma surukina, Alhaji Abu, a Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar kasuwa. Yaya gwiwar nan taka? Yaya ruwa wajenku? Mu nan an yi shuka, gero ya fito, sai godiya.

Maganar da ke cikin takardar nan tawa ce, amma hannun na maƙwabcina ne, Malam Iliya mutumin Zuru, wanda ya gama aikin koyarwa ya zauna tare da mu. In ka ji Hausar ba irin ta bakina ba ce, shi yake lanƙwasa ta irin ta littafi. Wayar da ɗana Muzzammil ya saya mini tana cikin tukunyar da nake ajiye tsumma. Yau ba na son maganar da iska za ta kwashe. Ina son wadda za ka riƙe a hannu, ka sake dubawa in ka huce.

Na san labari ya riga ni isowa. Ƙanwarka Huseina, uwargidana, ta karye. Ba daga bisa ta faɗo ba, ba kuma wani abu ya buge ta ba. Ta fito ɗaki da buta za ta yi alwalar la'asar, ta tsallake dokin ƙofa, ƙafar hagu ta sauka a karkace, sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sama da idon sawu ne kaɗan. Kafin magariba na ɗora ta.

Abin da ya sa na aiko maka, ɗanka ne Muzzammil. Washegari sai ga shi da mota tun daga Kalgo, wai zai kai uwarsa asibiti. A ƙofar gidana, Abu. Ƙofar da ake shigowa da karyayyu tun zamanin Buba Maɗori, wanda ya haifi Sambo, wanda ya haifi Zubairu, wanda ya haife ni. Ba a taɓa fitar da karyayye ta ƙofar nan ba sai da ƙafarsa. Rabin magidantan garin nan da aikin hannuna suke zuwa gona. Kai kanka, wa ya mayar maka da kafaɗa shekarar da jakin Kawu ya kayar da kai a hanyar Dodoru? To yau a ce matar maɗori an ɗauke ta an kai wa wasu, wa zai sake kawo mini ɗansa? Na ce masa ya koma wurin ƙarafansa. Shi da ya ƙi gadon gida ya zaɓi walda, ya bar ni da nawa. Ya juya ko ruwa bai sha ba, har yau kuma bai aiko ba.

Hujjarsa, wai ƙashin uwarsa ba irin na kowa ba ne, saboda ƙwayar nan da take sha. Kai ne shaidata a kan ƙwayar nan. Ka tuna yadda Huseina ta koma shekarun baya da ciwon ya fara. Ba ta tashi daga tabarma sai an kama ta, hannu ba ya kaiwa kai ta ɗaura kallabi, tuwo ya tsaya mata a wuya. Na yi iyakar sanina na gaza, don ba ƙashi ba ne, ni kuwa ban taɓa cewa na san tsoka ba. Da yardata aka kai ta asibiti. Likita ya ce dakarun da Allah ya sa su tsare jikinta ne suka juyo suna yaƙar tsokarta, ya ba ta 'yan fararen ƙwayoyi masu kwantar da su. Iliya ya karanta mini sunan a jikin kwali, furednisolon, na ce ya rubuta yadda ya gani, harshena ba zai iya ba. Ba a daɗe ba ta miƙe. Ta koma daka, ta koma kiwon kajinta, fuska ta cika har mata suna tsokanarta wai sai yanzu na koyi cefane. Sun ce a riƙa komawa suna dubawa. Mun yi ta komawa na ɗan lokaci, daga baya na ce mai lafiya me zai je nema asibiti, muka ci gaba da saye a kyamis, ba ta taɓa fasa sha ba. To maganin da ya tashe ta, shi ne kuma zai karya ta? Wannan magana ba ta shiga kaina ba.

Na yi mata aikin da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba don kyau. Man shanu, tsagin kara, tsumma daga sabon zane. Na kuma karya kaza yadda aka gada. Ka san al'adar gidanmu: ranar da aka ɗora mutum, a karya ƙafar kaza ɓangare ɗaya da nasa, a ɗora ta da ragowar tsummansa, a kife ta da akurki kusa da shi. Ranar da ta taka har ta yi tono, ranar ake kwance mutum a tsayar da shi. Huseina ce ta zaɓa cikin kajinta, wata mai wake-wake, ta juya fuska bango lokacin da na yi. Iliya ya ce zalunci ne, liman ma ya taɓa faɗa mini haka. Na ce musu kaza ba ta san son jiki ba, ba ta yi wa maɗori ƙarya. Mutum kuwa sai ya warke ya ce bai warke ba, don tsoro kawai.

Roƙona gare ka, ka kira yaron ka yi masa magana, ya fi jin taka da tawa. Ka ce ya zo ya gaida uwarsa, amma ya bar motar a Kalgo.

Ka gaida Hajiya da yara. Huseina tana gaishe ka, ta ce in akwai busasshen kifi ka tuna da ita. Allah ya bar zumunci.

Ni ne naka,
Ashiru Maɗori.


Gwandu,
ana noman farko.

Zuwa ga aminina Alhaji Abu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida duka, manya da yara. Allah ya sa ruwan shekaranjiya bai yi muku ɓarna ba. Mu ya ɗan taɓa katangar baya, mun tokare.

Takardarka ta iso hannun direba, tare da kifin. Iliya ya karanta mini ita, da ya zo inda ka ce taurin kaina ya fi na jakin Kawu sai ya maimaita, wai ko ban ji ba. Na ji, na kuma yafe maka. Muzzammil ya zo ba mota, ya wuni ɗakin uwarsa. Ni daga bakin zaure ya gaishe ni, na amsa daga ciki. Na gode.

Albishirinka, kazar ta taka. Kwanakin baya ta fara dafa ƙasa tana janyewa. Jiya na ɗaga akurki ta fito da ɗingishi. Yau da safe na same ta gindin turmi tana tono da ƙafar da na ɗora, har ta kori wani ɗan zakara.

Da a wurin wani ne, da nan takardar za ta tsaya. Amma kai ne, tare muka yi ƙuruciya, bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba.

Babana ya koya mini cewa ƙashi iri uku ne, shi ma haka Sambo ya koya masa. Na yaro ɗanyen kara ne, yana lanƙwasa kafin ya karye, yana kuma kamawa da wuri. Na magidanci gora ce, ba ta karyewa sai da ƙara, in ta kama ta fi da ƙarfi. Na tsoho icen da ya sha rana ne, yana jinkiri amma yana kamawa. Duka na riƙe su a hannuna tun ban yi gemu ba. Na Huseina ban san inda zan sa shi ba. In na shafa ina neman ɗan tudun nan da ke fitowa lokacin da ƙashi ya fara kamawa, da ƙyar nake jin alamarsa. Yatsana yana gaya mini kamar karan da gara ta shiga, baya lafiya lau, ciki ba komai. Fatarta ma, inda na riƙe kawai sai ya bar shaida baƙi-baƙi.

Akwai wata ƙusa a bangon ɗakinta inda take rataye carbi tun tana amarya. Tun bara na lura sai ta yi ɗage kafin ta kai. Na ce tsufa ne. Amma da Hassana ta zo daga Dangoma da sallah suka tsaya tare, kai ma kana nan. Tagwayen da uwarsu kaɗai ke bambance su, sai ga Hassana ta ɗara ta da kusan tafin hannu. Rana ɗaya aka haife su, tsufa ba zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Ta daɗe kuma tana kukan kwankwaso ina murza mata. Wata rana na danna ta yi ƙara, ta yi kwanaki ba ta iya juyawa.

Na zauna na bi duk abin da aka bar mini, daga Buba har zuwa kaina. Masuncin da jirgi ya danne wa cinya. Matar da ta faɗa rijiya da goyo. Maginin da soro ya rufto wa, wanda Sambo ya ɗora wuri huɗu ya karya kaji huɗu. Duk ina riƙe da su, da sunayensu da na iyayensu da unguwanninsu, ba wanda ya rage a garin nan da ya san su sai ni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda kaza ta taka mutum bai taka ba.

Na gaya wa Huseina. Ta ce har yanzu tana jin abin can ciki, ko za a ɗan ƙara. Na ce mata tsoro ne. Sai ta ce tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa ganin hannuna ya yi ƙarya ba, in na ce ta tashi za ta tashi.

Matan unguwa sun ga kazar tana yawo a tsakar gida, labari ya kai bakin masallaci. Yau mutum biyu suka yi mini barka. In kaza tana tafiya matata tana kwance, ka san abin da za a ce: hannun Ashiru ya mutu.

Iliya ya ajiye biro ya ce in ƙara mata ko wata ɗaya ne, me zai ragu. Na ce masa aikinsa rubutu. Gobe da hantsi zan kwance ta, in Allah ya yarda. Takarda ta gaba, ita za ta kai wa direba bakin zaure da ƙafarta.

Ka gaida Hajiya. Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Ashiru Maɗori.


Gwandu.

Zuwa ga Alhaji Abu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya mai jiki? Yaya ta kwana? Ka yi haƙuri, gaisuwata gajera ce yau.

Kai kana ganinta, ni ban gan ta ba tun da motar ta fita. Amma ba ka ga yadda abin ya faru ba, ba na kuma son ka ji daga bakin wani.

Na kwance tsumma, na shafa mai, na kama ta na tsayar. Ta tsaya, hannunta a kafaɗata. Na ce ta saki. Ta dube ni, ta saki. Da ta ɗaga ƙafar dama za ta taka, nauyi ya koma kan ta hagu, sai ƙafar ta lanƙwashe daidai inda na ɗora, kamar ban taɓa sa hannu a wurin ba. Ta faɗi ta gefe. Na ji ƙara ta biyu. Kunnena ya san ƙarar kowane ƙashi, kafin in taɓa na san ƙugu ne. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Kazar tana nan gefe tana kiwonta.

Ni na ce Iliya ya ciro wayar daga tukunya ya kira Muzzammil. Da ya iso ya wuce ni kai tsaye zuwa wurin uwarsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A kan tabarma aka fitar da ita, ta ƙofar nan da na yi maka alfahari da ita.

Direba ya kawo saƙonka na baka. Wai likitoci sun ce ƙwayar ce ta yi ta shanye ƙashin a hankali shekara da shekaru, ita ce kuma ta hana shi kamawa. Wai ƙafar za su sa mata siminti, ƙugun kuwa sai sun tsaga sun sa ƙarfe.

Abu biyu nake so ka yi mini. Na farko, ƙwayar nan ka karɓe ta yau ka zuba a masai, kada ko ɗaya ta sake shiga bakinta. Abin da muka riƙa saye da hannunmu muna godiya, ashe gara muke ba ta. Na biyu, ban yarda a sa mata ƙarfe ba. Babana ya ce ƙashi rai gare shi, ƙarfe kuwa gawa ne, ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Su bar ta ta kwanta, ƙashi ya huta da guba ya dawo hayyacinsa.

Ka tambaya me ya hana ni bin motar. Zauren ɗori ba a rufe shi. Tun Buba, gidan nan bai taɓa kwana ba maɗori a ciki. Wannan ita ce amsar da zan iya ba ka.

Ka gaishe ta. A'a, bari kawai, kada ka ce mata komai.

Ashiru Maɗori.


Gwandu,
tsakiyar damina.

Zuwa ga aminina Alhaji Abu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya san an yi masa alheri. Yaya ɗawainiya? Yaya zirga-zirgar asibiti da wannan gwiwa taka? Allah ya saka, ya ba mai jiki sauƙi.

Muzzammil ya kawo takardarka da hannunsa. Wannan karon Iliya bai maimaita komai ba, sau ɗaya ya ishe ni.

Na ji maganar ƙwaya. Cewa jikin da ya daɗe yana shanta ba a yanke masa rana ɗaya, in an yi haka sai ya zube, ciwon tsoka ya dawo, rai ma yana iya tafiya. Sai dai likita ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yana dubawa, abin da da ma za su yi tun tuni da ban hana komawa ba. Na gode wa Allah da ya ba Huseina yayan da ba ya jin maganata. Da ka bi umarnina, da na ƙarasa ta da hannunka.

Na ji ɗaya maganar kuma. Cewa an shirya aiki ta ƙi, ta ce ba mai tsaga ta sai Malam, wato ni, ya ce a yi. Cewa kai ka roƙa, Hassana ta roƙa, ɗanta ya yi kuka, ta juya fuska bango. Cewa likita ya ce duk ranar da ta ƙara a kwance haka, ƙirji yana iya cika, baya ya yi gyambo. Ka rubuta cewa na karya ta da magana, kada in kashe ta da shiru. Ta yi zafi, Abu, amma ba ka ƙara mata gishiri ba.

Yaron ya zo da hoton ƙashin da aka ɗauka. Na fita tsakar gida na ɗaga shi ga rana. Duk rayuwata da yatsa nake ganin ƙashin mai rai, yau ne na fara ganinsa da ido. Bakinsa siriri kamar ɓawon ƙwai, cikinsa dusu-dusu kamar hayaƙi. Ya nuna mini gadon baya, gaɓoɓi biyu sun lotse sun zauna kan juna. Nan tsawon nata ya tafi. Ɗaya daga ciki ina jin na san ranar da ta lotse, na kuma san hannun da ya danna.

Ba abin da hoton ya faɗa wanda yatsana bai riga ya faɗa mini ba. Na bar yatsana na saurari kaza. Ita kuwa ba ƙarya ta yi ba, gaskiyar ƙashinta ta faɗa. Ba ta taɓa shan ƙwaya ba.

Muka zauna a zaure ni da yaron. Na tambaye shi, a aikinsu, in ƙarfe ya ci tsatsa ya yi siriri, yana karɓar walda? Ya ce in aka sa masa wuta kai tsaye hudawa yake yi, sai an kawo wani lafiyayye an jingina masa ya ɗauke nauyin. Na ce to ƙarfen likitoci zai zauna a ƙashi irin wannan? Ya ce sun ce suna da dabara, amma ba su yi alkawari ba. Wannan ya fi kwanta mini da a ce sun yi. Tun da ya bar gida, yau ne muka fara maganar aiki ni da shi. Ya ci abinci kafin ya tashi.

Maganar babana tana nan a kunnena. Amma babana bai taɓa riƙe ƙashi irin wannan ba, da ya riƙe da ya gaya mini, ba ya ɓoye mini komai.

To ga amsata, na ce Iliya ya rubuta ta da manyan baƙaƙe, ka karanta mata a kunne, ka nuna mata takardar ko da ba ta karatu:

MALAM YA CE A YI.

Muzzammil yana jira a ƙofa, ba zan tsawaita ba. Duk yadda ta kasance ku kira, wayar tana aljihuna.

Naka har kullum,
Ashiru Maɗori.


Gwandu,
an fara yankan gero.

Zuwa ga uwargidana Huseina, a gidan Muzzammil, Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jiki? Yaya ƙugun, yaya ƙafar? Kina samun barci? Abinci yana wucewa ba ya tsayawa? Hannu yana kaiwa kai? Ina tambaya ɗaya-ɗaya don ina son amsa ɗaya-ɗaya. Ki gaida Rahmatu matar ɗanki, wadda na san ita ke karanta miki wannan. Allah ya yi mata albarka, ta yi haƙuri da maganar tsofaffi.

Tun da aka kawo ki gidana kina amarya ban taɓa aiko miki da takarda ba, don ba ki taɓa yin nisan da murya ba ta kaiwa ba.

Abu yana ba ni labari. Na ji ƙarfen ya zauna, an cire simintin ƙafa. Na ji sun rage ƙwayar sun haɗa da wata, sun ƙara miki maganin ƙashi, sun ce nono da kifi da ɗan zama a rana. Ki bi abin da suka ce. In kin ji wani tsoho ya ce mai lafiya ba ya komawa asibiti, kada ki saurare shi.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau. Kazarki mai wake-wake ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, tana yawo da 'ya'yanta. Kin san ita ce sadakar ranar da mai karaya ya taka. Mata sun ce in yanka in huta da ganinta. Ban yanka ba, ni nake watsa mata tsaba. Ƙusar ɗakinki na cire ta na sauko da ita ƙasa, carbinki yana jiki.

Bari in ba ki wani labari. Ranar kasuwa aka kawo wata mata daga Dodoru, wuyan hannu ya karye, wai dafa ƙasa kawai ta yi za ta tashi. Sun zo da kazarsu a hammata. Ina ɗaga ido na ga fuskar a cike, na ga shaida baƙi-baƙi a damtsenta. Na tambayi abin da babu wanda ya taɓa tambaya a zauren nan: me take haɗiya? Ta kwance bakin zane, sai ga 'yan fararen nan, wai don ciwon gaɓoɓi, ta yi shekaru tana saye ba wanda ya rubuta mata. Na tallafe hannun da kara yadda ba zai motsa ba, ban ja ba, ban murza ba. Na ce kada ta yanke ƙwayar da kanta, su wuce asibiti yau. Na mayar musu da kazarsu da ƙafa biyu. Mijin ya fita yana ƙunƙuni. Yanzu a gari ana cewa hannun Ashiru ya mutu. Abin da na ji tsoro har na tsayar da ke, ga shi an faɗa, na ji da kunnena, na kuma ci tuwona na yi barci. Ashe iyakarsa ke nan.

Iliya yana murmushi, yana zaton na bar karya kaza har abada. Ban ce ba tukuna, ya rubuta yadda na faɗa. Abin da na ce shi ne, ƙashi ya zama iri huɗu. Na gaya wa Muzzammil ya riƙe, ko ba zai taɓa yin ɗori ba, ya gaya wa na bayansa: na yaro, na magidanci, na tsoho, da wanda magani ya shanye. Na huɗun ba a auna shi da kaza. A jikinki gidanmu ya koye shi.

Yanzu ga abin da ya sa na aiko. Abu ya ce likita ya duba hoto ya ce lokacin tsayuwa ya yi, zama ma yana ƙara cin ƙashi. Ya ce ɗanki ya haɗa miki abin dafawa da bututun ƙarfe, mai ƙafa huɗu. Ya ce kina zama bakin gado, ki sauko da ƙafa, ki riƙe ƙarfen, sai ki fasa ki koma. Kin ce ba za ki tashi ba sai Malam ya ce.

Huseina, ba zan ce ba. Na taɓa cewa, kin gaya mini kina jin abin can ciki, na ce tsoro ne. Ke ce kika san gaskiya ran nan, cikin mu uku, ni da ke da kaza. Ki yafe mini.

Amma ina tafe. Jibi bayan sallar asuba zan ja ƙofar zaure in ba Iliya mabuɗi, shi zai riƙa ba kajin ruwa. Buba da Sambo da babana su yi mini haƙuri, gidan zai kwana ba maɗori. Akwai ragowar sabon zanen nan a tukunya, zan taho da shi in naɗe miki inda ake riƙe ƙarfen, kada ya bar shaida a tafinki.

Zan zauna kusa da gadon. In kwana ne, kwana, in wata ne, wata, ba wanda ke jira bakin masallaci. Ranar da kika ji a jikinki, ke za ki faɗa. Ƙarfen ɗanki ta gaba, kafaɗata ta gefe, kuma ba zan ce ki saki ba.

Ki gaida Abu da Hajiya, da Hassana in tana nan. Allah ya ƙara sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mijinki,
Ashiru.